Darasi Na 12: Harshen Saniya

Ku dubi garke da rana tsaka, sa'ad da shanu su ka ƙoshi su ka taru a inuwa. Za ku ga wata tana lasar jikinta. Wata tana goga wuya a gindin itace. Wata kuma tana lasar 'yar'uwarta a kai da wuya, watau inda mai jikin ba ta iya kai harshenta. Wannan ba wasa ba ne. Wankan shanu ke nan.

Harshen saniya yana da kaushi. Da shi ta ke kankare ƙura da ƙananan kaska tun ba su kafe ba. A ƙasar Ostireliya masana sun gwada hana waɗansu shanu lasar jikinsu, sai kaska ta yi musu yawa fiye da na sake. Kaska kuwa tana shan jini, tana kawo cuta, tana buɗe wa kirci hanya.

Tsuntsaye ma suna taimako. Carki ya kan cire kaska, amma in ya sami miki sai ya yi ta saransa, ya hana shi warkewa. Balbela kuwa fari ta fi nema, waɗanda kofato ya ke tayarwa.

Saniya mai lafiya gashinta yana sheƙi, hancinta da danshi. In ta daina lasa, gashi ya tashi, hanci ya bushe, lalle akwai abin da ke damunta.

To, amma harshen nan ba ya zaɓe. Abin da ya taɓa, ciki ya ke tafiya. Mutanen Bagega sun san zancen. A shekarar 2010 aka gane gubar dalma a ƙauyukan ƙasar Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Dutsen zinariya da a ke niƙawa cikin gida, shi ya cika ƙasa da ƙurar dalma. Yara fiye da 400 su ka rasu, dabbobi ma su ka mutu. A 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega, aka zuba sabuwa.

Dalma ba ta ruɓewa. In saniya ta kwanta inda a ke niƙan dutse, ƙura ta hau jikinta. Ta lashe, 'yar'uwarta ma ta lashe. Wadda ta rasa gishiri kuma har ƙasar ta ke lasa. Alamun gubar su ne dalalar miyau, da cizon haƙora, da makanta, da farfaɗiya. Gubar tana taruwa a hanta da ƙoda, tana shiga nono. Nonon nan kuwa yaranmu ke sha.

Don haka kada ku yi kiwo kusa da wurin niƙa, kada ku shayar a tafkin da a ke wanke dutse. Ku nisantar da tsohon batir daga garke. Ku ba shanu kanwa da gishiri. In kun ga alama, kada ku yanka ku ci, ku kira malamin dabbobi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Don me saniya ta ke lasar 'yar'uwarta?
2. Mene ne amfanin carki, mene ne aibinsa?
3. Ta yaya dalma ta ke shiga nono?
4. Rubuta alamun guba guda uku.