Motsa Jiki: In Ka Tsallake Yau, Ka Koma Gobe

Sau da yawa likita yakan ce wa mai hawan jini ko ciwon suga: "Ka sha maganinka, ka rage gishiri, ka riƙa motsa jiki." Mutum ya koma gida da ƙwazo, ya yi sati biyu yana tafiya kowace safiya. Sai a yi rasuwa, ko baƙi su zo, ko zazzaɓi ya kwantar da shi kwana uku. Daga nan sai ya ce ai aikin ya lalace, ya bari gaba ɗaya. Barin nan shi ke cutar da shi, ba kwana ukun ba.

Nawa ake bukata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 a sati yana motsa jiki, wato minti 30 a rana, kwana 5. Ba sai ka yi gudu ba. Ka yi tafiyar da za ta ɗan ɗaga numfashinka, amma kana iya magana. Kana iya raba ta, minti 10 sau uku. Noma, daka, ɗiban ruwa da hawan keke duk suna cikin lissafi.

Da damina manomi ba ya rasa motsi. Matsalar tana zuwa bayan girbi, lokacin da zama ke yawa. Haka kuma tela da mai tireda, waɗanda ke wuni a zaune.

Me ya sa ake son ɗorewa?

Idan tsoka tana aiki, tana jan suga daga cikin jini. Wannan amfani yana raguwa bayan kwana ɗaya ko biyu. Shi ya sa wahalar rana ɗaya ba ta biyan zaman sati guda. Da yayyafi kogi kan cika.

Abin da za ka yi

1. Haɗa tafiyar da abin da ka saba, kamar zuwa kasuwa ko gaida ƴan'uwa.
2. Ran da ba ka da lokaci, yi ko minti 10 ne.
3. In ka tsallake, kada ka ninka don ramuwa. Ci gaba daga inda ƙarfinka yake.
4. Lokacin zafi, fita da sassafe ko da yamma, ka sha ruwa.
5. Mai ciwon suga ya sa takalmi, ya duba ƙafarsa in ya dawo. In yana allurar insulin, ya riƙe dabino ko suga a aljihu.

In ka ji ciwon ƙirji, jiri, ko numfashi ya sarƙe, tsaya nan take, a kawo ka asibiti. Kuma motsa jiki ba ya maye gurbin magani.

Tambayoyi don tattaunawa

Me ya hana ka ci gaba a karon baya? Wa zai raka ka tafiya gobe da safe?