Askin tumati da kafa masa sanda

Karatu

Idan damana ta wuce, aka gama aikin kaka, sai aikin garka ya tashi. A Gulbin Maraɗi da Jiratawa, a Ƙonni da kwarin Majiya, a Miriya da Matamai, har bakin kogin Kwara a Yamai, masu garka suna dasa albasa da salati da kabeji da tumati. Tumati yana son lokacin ɗari, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu. In zafi ya tsananta, ya wuce digiri 35, furensa yakan zube bai ƙulla ɗa ba.

Asalin tumati Amurka ta Kudu ne. Mutanen Sifaniya suka kai shi Turai a ƙarni na 16, daga nan ya bazu cikin duniya. A can ƙasarsa ta asali yaɗo yake yi a ƙasa, domin karansa ba shi da ƙarfin tsayuwa kamar na dawa ko na kuɓewa. Har yanzu bai bar wannan hali ba. Da zarar ƴaƴa sun yi masa nauyi, sai ya kwanta.

Ku shiga garkar da aka bar tumati kwance, ku ɗaga rassansa ku duba. Za ku tarar da ƴaƴan da suka taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa sun ruɓe ta gefe guda. Waɗansu tsutsa ta huda su, waɗansu kuma mai ban ruwa ya taka su bai sani ba. Mai garka ya sayi iri, ya kai taki, ya yi wata uku yana jan ruwa safe da marece, amma rabon da ya ruɓe ba ya zuwa kasuwa, ba ya shiga tukunya. Wanda garkarsa ƙarama ce, ruwansa kuma da wuya yake samuwa, bai kamata ya yarda da irin wannan hasara ba. Aiki biyu ne ke tsare shi: kafa wa tumati sanda, da yi masa aski.

Mu fara sanin shukar

Ku tsuguna gaban shuka guda, ku dube ta daga ƙasa zuwa sama. Akwai uwar kara, wadda ta fito daga saiwa. A jikinta ganyaye suke, ɗaya bisa ɗaya. Can da can kuma gungun fure yana fitowa daga jikin karan, shi ne zai zama gungun ƴaƴa.

Yanzu ku duba lungun da ke tsakanin ganye da uwar kara. Wurin kamar hammata yake. A cikinsa za ku ga wani ɗan toho yana leƙowa. Mu kira shi tohon hammata. Da Faransanci ana ce masa *gourmand*, wato mai haɗama. In aka ƙyale shi, sai ya zama babban reshe mai ganyensa da furensa, shi ma ya fid da nasa toho. Kafin a jima shuka ɗaya ta koma kurmi. Ruwa da takin da saiwa take jawowa sai su rabu wuri da yawa, ƴaƴa su yi yawa amma ƙanana, iska kuma ta kasa shiga tsakanin ganye.

Tumati iri biyu ne, kuma tilas mai garka ya bambanta su kafin ya sa hannu.

Iri na farko ba ya daina tsawo. Bayan kowane ganye uku yakan fid da gungun fure, kansa kuwa yana ta tafiya sama, har ya kai metir 2 ko ya wuce. Wannan shi ne mai bukatar doguwar sanda da aski kowane mako.

Iri na biyu gajere ne. Gungun furensa kusa da juna suke, ganye ɗaya ko biyu ne a tsakaninsu. In ya fid da gungu kaɗan, sai kan karan ya ƙare da fure, tsawo ya tsaya. Irin da ake kira Roma, mai dogayen ƴaƴa, wanda ya yawaita a kasuwanninmu, cikin wannan iri yake. Yawancin ƴaƴansa a kan rassan gefe suke fitowa. Wanda ya cire masa toho duka ya cire amfaninsa da hannunsa.

Saboda haka, in za ku sayi iri, ku karanta abin da aka rubuta a jikin takardarsa, ko ku tambayi malamin gona.

Kafa sanda

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ana kafa sanda ranar dashe, ko cikin mako biyu na farko. In aka jira shuka ta girma, sandar za ta tsinka saiwoyi wajen shiga ƙasa, karan da ya riga ya kwanta kuma yakan karye in aka ce za a miƙe shi.

Ga dogon iri, a nemi sanda miƙaƙƙiya mai tsawon metir 2. Ga gajeren iri, metir 1 da ɗan ƙari ya isa. A feƙe gindinta, a kafa ta santimetir 10 daga gindin shuka, ta nutse cikin ƙasa kamar santimetir 30. A girgiza ta a gani. Sandar da hannun yaro ya kayar ba za ta jure iskar ɗari ba ranar da ƴaƴa suka yi nauyi.

Icce yana da tsada a ƙasarmu, kuma ba a sare ɗanyen icce don tumati. Rassan bedi da aka rage sun dace, domin gara ba ta saurin cinsu. A kwarin Majiya, cikin jihar Tawa, tun shekarar 1975 aka fara dasa layukan bedi don tare iska, rassan da ake rage musu kuwa suna amfani wajen gini da girki. Manoman da ke sassaben zamani a gonakinsu su ma suna samun sanduna ba tare da sun kashe icce ba. Karan dawa mai kauri yana iya riƙe gajeren iri, sai dai gara tana cinsa, shekara guda yake yi. In an gama ɗibar tumati, a tuge sanduna, a kankare ƙasar da ke jikinsu, a shanya su a rana, a adana su don baɗi.

Ɗauri

Ana ɗaure kara da abu mai laushi: tsumma da aka yayyaga, ko igiyar rama, ko kaba da aka jiƙa. Ba a ɗaure shi da waya, domin tana yanka shi.

A fara ɗaure igiya tam a jikin sanda. Sannan a gicciya ta, a zagaye karan da ita sako-sako, yadda ɗaurin zai yi kama da lamba 8: sanda cikin ido ɗaya, kara cikin ɗayan. A bar wurin da yatsa zai shiga, domin karan zai ƙara kauri. A yi ɗaurin ƙarƙashin ganye, ba a kan gungun fure ba. Duk lokacin da shuka ta ƙaru da santimetir 20 zuwa 30, sai a ƙara wani ɗauri.

Wanda ba shi da sanduna da yawa yana da dabara. Ya kafa dirka mai ƙarfi a kowane ƙarshen layi, ya kafa sanda ɗaya bayan kowace shuka biyu. Sai ya ja igiya daga dirka zuwa dirka, yana naɗa ta a kowace sanda, ya tafi ta gefe guda, ya komo ta ɗaya gefen. Shuke-shuken suna tsaye ke nan tsakanin igiya biyu. In sun ƙara tsawo, ya ƙara wata igiya a sama. Wannan dabara ta fi dacewa da gajeren iri.

Aski

Ga dogon iri, mai garka yana zaɓen kara ɗaya ko biyu da zai bari. In biyu yake so, sai ya bar uwar kara da tohon da ke daidai ƙarƙashin gungun fure na farko, domin shi ya fi sauran ƙarfi. Duk sauran tohon hammata a cire su.

Ana cire toho tun yana ƙarami, bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, wato kamar santimetir 5. A kama shi da babban yatsa da manuni, a lanƙwasa shi gefe, sai ya ɓalle. Ciwon da ya bari ƙarami ne, yana bushewa da wuri. Tohon da ya girma sai da wuƙa mai kaifi, ciwonsa kuma babba ne, ƙofa ce ga cuta. Shi ya sa ake zagaya garka sau ɗaya kowane mako. A yi aikin da hantsi, bayan raɓa ta bushe, don rana ta busar da ciwon kafin dare.

In dogon iri ya kai ƙarshen sandarsa, ko ya ɗauki gungu 5 ko 6, sai a datse kansa, a bar ganye biyu bisa gungu na ƙarshe. Furen da zai fito bayan haka ba zai sami lokacin nuna ba kafin zafi ya shigo. Gara ƙarfin shukar ya tafi ga ƴaƴan da ta riga ta ɗauka.

Ga gajeren iri, askin kaɗan ne. A cire tohon da ke can ƙasa kusa da gindi, a bar wanda ke ƙarƙashin gungu na farko da duk na samansa. Ba a datse masa kai.

Ga kowane iri, a cire ganyayen ƙasa da suka tsufa, suka yi ɗorawa, ko suke taɓa ƙasa. Ta nan cuta take hawa, lokacin da ruwan ban ruwa ya fantsama da laka. A riƙa zuba ruwa a gindi, a kuma shimfiɗa busasshiyar ciyawa ƙarƙashin shuka.

Kada a wuce gona da iri

Ganye shi ne madafar shuka. A cikinsa take haɗa abincinta da hasken rana da ruwa da iska. Shi ne kuma rumfar ƴaƴanta. A ƙasashen sanyi, inda rana ba ta da ƙarfi, ana rage ganye da yawa don ƴaƴa su sami haske. A nan Nijar rana ta ishe mu. Ɗan tumatin da aka tone wa rana yakan yi farin tabo a gefen da ta buga, wurin ya yi laushi, ya lalace. Wannan ya fi faruwa a watan Maris da Afrilu. Don haka kada a cire ganyen da ke inuwantar da gungu, kada kuma a cire fiye da ganye biyu ko uku ga shuka guda a rana ɗaya. Kara biyu sun fi kara ɗaya ba da inuwa.

Hannu da wuƙa suna ɗaukar cuta daga shuka zuwa shuka. A wanke hannu da sabulu kafin a fara. A fara da shuke-shuke masu lafiya, a bar masu alamar cuta sai ƙarshe. Mai shan taba ko mai cinta ya wanke hannunsa sosai, domin akwai cutar ganyen taba da ke kama tumati. Shukar da ta tsumbure, ganyenta ya nannaɗe, ya yi ɗorawa, aski ba ya warkar da ita. A tuge ta a fitar.

Abin da aka cire kada a bar shi cikin fangali. Akwai wata ƴar tsutsa mai suna *Tuta absoluta* da take shiga cikin ganye tana ci, ta bar farin tabo kamar takarda. An fara ganinta a Nijar a shekarar 2013, a shekarar 2016 kuma ta yi babbar ɓarna a gonakin tumati na arewacin Nijeriya. Ganyen da aka yar a ƙasa mafaka ne gare ta. A tattara shi, a ƙone, ko a rufe shi cikin rami mai zurfi.

Ribar aikin

Shukar da aka yi wa aski ba ta ba da ƴaƴa da yawa kamar wadda aka ƙyale, amma nata sun fi girma, sun fi tsabta, sukan kuma riga nuna. Ba ta cin wuri, ana iya dasa ta santimetir 40 zuwa 50 tsakanin shuka da shuka. Mai garka yana ganin tsutsa tun ba ta yi ɓarna ba, yana ɗiba ba tare da ya taka kome ba.

Aikin yana cin lokaci da icce da igiya. Mai babban fili wanda yake noman gajeren iri don yin kauɗa yakan bar shi a kan shimfiɗar ciyawa. Amma mai ƙaramar garka wanda yake kai ɗanyen tumati kasuwa, inda mai saye yake juya kowane ɗa yana dubawa, shi kam wahalarsa tana biya.

Mu riƙe

1. A san irin tumati kafin a yi masa aski.
2. A kafa sanda tun shuka tana ƙarama, a ɗaure ta sako-sako.
3. A cire toho yana ƙarami, sau ɗaya a mako, da hannu mai tsabta.
4. A bar ganyen da ke yi wa ƴaƴa inuwa.

Tambayoyi

1. A wane wuri tohon hammata yake fitowa?
2. Yaya ake gane dogon iri da gajeren iri?
3. Me zai faru in aka cire wa Roma tohonsa duka?
4. Don me ake barin wurin yatsa cikin ɗauri?
5. Me ya sa askin tumati a ƙasarmu ya bambanta da na ƙasashen sanyi?

Lissafi

Wani mai garka yana da layi 6, kowane layi yana da shuka 20. Yana kafa wa kowace shuka sanda guda, ana sayar da sanda dala 5. Sanda nawa yake bukata? Kuɗinsu nawa ne?

Aiki a garkar makaranta

Ku raba fangali biyu, ku dasa iri guda a rana guda. Rabi ku kafa masa sanda ku yi masa aski, rabi ku bar shi. Ku ba su ruwa da taki daidai wa daida. Duk ranar ɗiba, ku ƙidaya ƴaƴa masu kyau da waɗanda suka ruɓe a kowane rabi, ku auna nauyinsu, ku rubuta cikin littafinku. In an gama, ku kwatanta, ku kai wa iyayenku labarin abin da kuka samu.