Yadda Ake Fitar Da Hayaƙin Hitar Ruwa Mai Amfani Da Gas Ba Tare Da Haɗari Ba

Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya sa gidaje da dama suna komawa ga hitar ruwa mai aiki da gas, musamman idan hunturu ya kama. Sai dai galibi idan an zo kafa ta, hankalin maigida da na mai gyara yakan tafi ne ga bututun ruwa da tiyon gas. Bututu na uku, wato wanda ke fitar da hayaƙi, shi ake yi wa riƙon sakainar kashi, alhali shi ne wanda kuskure a kansa ke iya cin rai.

Mene ne haɗarin?

Idan gas ya samu isasshiyar iska yana ƙonewa sarai, harshen wutarsa ya fito shuɗi. Idan iska ta yi ƙaranci, sai ya riƙa fitar da wata guba mai suna kabon monoksaid, irin wadda ke cikin hayaƙin janareta. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abin da mutum zai iya ɗauka zazzaɓi ne ko gajiya. A lokacin sanyi kuwa, da ake rufe tagogi ruf, a lokacin ne aka fi kunna hitar.

Fara da sanin irin hitarka

Iri uku aka fi samu. Ta farko hayaƙinta na tashi ne da kansa saboda zafi, don haka dole bututunta ya miƙe sama ya ɓulla ta rufi. Ta biyu tana da fanka da ke tura hayaƙin, ana iya fitar da bututunta ta jikin bango. Ta uku rufaffiya ce, tana jawo iska daga waje ta kuma mayar da hayaƙi waje, sau da yawa ta bututu biyu ɗaya cikin ɗaya. Wannan ta uku ita ce mafi aminci a cikin gida.

Kada a kafa hitar da ke shan iskar ɗaki a banɗaki ko ɗakin kwana. Akwai kuma ƙananan hitoci marasa bututun hayaƙi da aka ƙera don waje. A waje za su zauna.

Ƙa'idojin kafa bututu

Alkaluman da ke ƙasa su ne aka saba amfani da su a ƙa'idojin gas na Amurka ga hita irin ta farko. Idan littafin na'urarka ya faɗi wani abu daban, shi za ka bi.

1. Faɗin bututu: kada ya gaza faɗin bakin da ke saman hitar. Rage shi yana shaƙe hayaƙi.

2. Gangara: duk sashen da ya kwanta dole ya riƙa hawa sama da aƙalla santimita 2 a kowace mita ɗaya. Idan ya sunkuya ko ya lotsa a tsakiya, hayaƙi zai dawo ɗaki.

3. Tsayi: bututun ya tashi aƙalla mita 1.5 daga saman hitar. A gajarta sashen da ya kwanta, a kuma rage kwana-kwana, domin kowace kwana na rage ƙarfin jan hayaƙi.

4. Tazara da abin da ke cin wuta: bututun ƙarfe mai bango ɗaya na buƙatar santimita 15 tsakaninsa da katako ko silin. Mai bango biyu kuwa santimita 2.5 ta wadatar, kuma shi ya dace ya ratsa silin da rufi.

5. Mahaɗa: a ɗaure mahaɗar bututu mai bango ɗaya da sukuru uku, ba da salatif ko waya ba.

6. Ƙarshen bututu: ya fita sarari, a sa masa hular da ke hana ruwan sama da tsuntsaye shiga. Kada ya tsaya cikin silin, kada kuma bakinsa ya zo kusa da taga, ƙofa ko lungun da iska ba ta ratsawa.

Bututun roba na famfo ba ya jure zafin hita irin ta farko. Ana amfani da roba ne kawai a inda kamfanin da ya ƙera na'urar ya rubuta ƙarara cewa ya halatta.

Hanyar shigar iska

Hayaƙi ba zai fita ba idan sabuwar iska ba ta shigowa. Idan hitar tana cikin ƙaramin sito, a buɗe kafofi biyu na dindindin, ɗaya kusa da ƙasa ɗaya kusa da sama. Ta ƙasan tana da wani amfanin kuma: gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasa yake taruwa.

Gwaji kafin ka sallami mai aiki

Rufe tagogi da ƙofofi, ka kunna fankar da ke zuƙe iskar kicin ko banɗaki idan akwai. Kunna hitar ta yi minti biyar tana aiki. Sai ka kunna turaren tsinke ka kai shi gefen hular da ke saman hitar, inda bututu ya fara. Idan hayaƙin turaren ya shige ciki ya yi sama, bututu na ja. Idan ya dawo wajenka, kashe hitar nan take, aiki bai kammala ba.

Bayan an kafa

Ka sayi na'urar ƙararrawa mai gano kabon monoksaid, ka liƙa ta kusa da ɗakunan kwana. Ka riƙa lura da harshen wuta mai ruwan ɗorawa, baƙin hayaƙi a jikin hita, tsatsa a bututu, ko gumi a gilashin taga. Sau ɗaya a shekara, kafin sanyi ya shigo, a duba bututun saboda ƙura da sheƙar tsuntsu.

Idan mutanen gida suka fara ciwon kai tare, kuma suna jin sauƙi da zarar sun fita waje, ka kashe gas, ka buɗe tagogi, a fitar da kowa a nufi asibiti. Kada a sake kunna hitar sai ƙwararren mai aikin gas ya duba ta.