Ja da kore ba su isa ba: abin da mai haɗa manhaja ya kamata ya sani game da larurar gani da ta magana

Bara na haɗa wa wani mai shagon POS 'yar ƙaramar manhaja ta rubuta cinikin yini. Duk kuɗin da aka turo suka shiga, ɗigo kore zai fito a gefensu, waɗanda suka maƙale kuma ɗigo ja. Ni a ganina aiki ya yi kyau. Bayan mako biyu sai ga kiransa, wai yaron shagonsa ya ƙirga wa wani kuɗi a hannu alhali turawar ba ta shiga ba, har an fara zargin haɗa baki suka yi. Da na je, na buɗe allon na nuna wa yaron ɗigo biyu, na ce wanne ne ja? Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi dai duk ruwan ƙasa yake gani. Ya haura shekara ashirin a duniya bai san yana da makantar launi ba.

Laifin nawa ne, don na ɗora bayani mai muhimmanci a kan launi kaɗai. Darasinmu na yau ke nan.

A bayan ƙwayar ido akwai ƙananan ƙwayoyi iri uku masu karɓar launi. Wasu sun fi jin hasken da ya karkata wajen ja, wasu wajen kore, wasu wajen shuɗi, ƙwaƙwalwa ce take haɗa saƙonsu ta fitar da launin da muke gani. Idan iri ɗaya ya yi rauni ko babu shi, sai wasu launuka su haɗe wa mutum. Wadda ta fi yawa ita ce ta ja da kore, kuma gado ce da ke bin ƙwayar halitta ta X. Namiji X ɗaya gare shi, mace biyu, shi ya sa maza suka fi samunta nesa ba kusa ba. A cikin Turawan arewacin Turai ana lissafin kusan namiji 1 cikin 12, mace kuwa 1 cikin 200. A Afirka adadin bai kai haka ba, amma idan mutum dubu suna amfani da manhajarka, ka tabbata akwai su a ciki.

Masanin kimiyyar nan na Ingila, John Dalton, ya yi bayanin tasa larurar a 1794. A 1875 jiragen ƙasa biyu suka yi karo a Lagerlunda ta ƙasar Suwidin, aka yi zargin makantar launi tana da hannu a ciki, daga nan aka fara gwada idon ma'aikatan jirgin ƙasa. Gwajin da aka fi sani a yau, mai da'irar ɗige-ɗige da lamba a ɓoye a tsakiya, likitan Japan Shinobu Ishihara ne ya fitar da shi a 1917.

Ka dubi abubuwan da ke kewaye da kai. 'Yar fitilar caja da ke sauyawa daga ja zuwa kore, fitilar inbata, alamar batirin sola, duk launi ne kawai. Fitilar danja ta fi sauƙi tunda ja a sama take, kore a ƙasa, mutum yana iya bin matsayinsu, ko da yake da dare daga nesa abin yakan yi wuya. Misalin da ya fi burge ni shi ne na wayar lantarki. A tsohon tsarin Ingila ja ita ce mai wuta, kore kuma ta ƙasa, wato launuka biyun da mai larurar ya fi rikitawa, a wurin da kuskure ɗaya zai iya kashe mutum. Tsarin yanzu ya mayar da mai wuta ruwan ƙasa, ta ƙasa kuma aka yi mata zane-zanen kore da rawaya, yadda ko ba ka bambance launi za ka gane ta da zanen.

Dabarar da za mu ara ke nan. Ƙa'idojin WCAG na hukumar W3C sun faɗa ƙarara cewa kada launi ya zama hanya ɗaya tilo ta isar da bayani. Ka haɗa launin da alama da kuma kalma: kore da alamar maki da "Ya shiga", ja da gicciye da "Bai shiga ba". Sun kuma nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa ya kai 4.5 bisa 1 ga rubutu na yau da kullum. Rubutun nan ruwan toka a kan fari da muke yi don gayu yawanci faɗuwa yake yi a wannan ma'auni, kuma ko mai lafiyayyen ido wahala yake sha da shi a cikin rana.

Larura ta biyu ta fi wannan nauyi, kuma ba kasafai ake maganarta ba. Likitoci suna kiranta afasiya: mutum yana cikin hankalinsa, ya san abin da yake so, amma harshe ya kuɓuce masa saboda rauni a ƙwaƙwalwa, yawanci a ɓarin hagu. Babban sanadinta shanyewar ɓarin jiki, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ta sama suna fuskantar matsalar magana. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya duba wani majiyyaci a Paris wanda yake fahimtar abin da ake faɗa masa, amma bakinsa ba ya iya fitar da komai sai "tan". A 1874 Bajamushe Carl Wernicke ya bayyana wani nau'in daban, inda magana ke zuba ba gargada amma ma'anarta a hargitse, mai ita kuma ba ya gane abin da ake ce masa sosai.

Yanzu ka sa kanka a matsayin wannan bawan Allah, ka ce za ka tura kuɗi da lambar USSD. Jerin zaɓi ya fito da Turanci, kana ƙoƙarin karanta layi na biyu lokaci ya ƙare, sai ka sake daga farko. Ka kira layin taimako, na'ura ta jero maka "danna ɗaya, danna biyu" da gudu. Ka kira 112 cikin gaggawa, an ɗauka, sunan unguwarku ya ƙi fitowa. A kan titi kuma wani ya ɗauka maye ka yi, a gida wani ya ce taɓin hankali ne ko shafar aljanu. Wani zai ce to ya rubuta saƙo mana. Matsalar ita ce afasiya takan taɓa karatu da rubutu ma, har lambobi sukan cakuɗe, mutum ya nufi 5,000 ya danna 50,000.

Bari in ɗan kauce daga maganar manhaja, don wannan ta fi ta muhimmanci. Idan maganar mutum ta rikice farat ɗaya, ko bakinsa ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, asibiti za a nufa nan take, musamman mai hawan jini. Maganin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya yana da iyakar lokaci, kusan awa huɗu da rabi daga fara alamun, kuma sai an yi hoton ƙwaƙwalwa kafin a ba shi. Jiran a ga ko zai warware da safe asara ce.

Akwai abin da za a iya saita wa mai larurar a wayarsa yau ɗin nan. A cika bayanin gaggawa da ke fitowa a allon kulle ba sai an buɗe wayar ba, a rubuta cewa yana da matsalar magana amma yana cikin hankalinsa, a sa lambar ɗan uwa. A Android 12 zuwa sama akwai Emergency SOS, danna maɓallin kunna waya sau biyar a jere yana kiran lambar agaji, a iPhone kuma akwai Medical ID. A sa wa kowace lamba hoton mai ita, don gane fuska ya fi masa sauƙi a kan karanta suna.

Mu kuma masu haɗa manhaja, jimla gajera, tambaya ɗaya a allo ɗaya, amsarta "E" ko "A'a". Hoto ya zo tare da kalma. Kada ka kori mutum don ya yi minti ɗaya bai taɓa komai ba, ka tambaye shi ko yana son ƙarin lokaci. Kafin kuɗi su fita, ka nuna sunan mai karɓa da adadin da manyan baƙaƙe, ka bar ƙofar komawa baya a buɗe. Ni ra'ayina, duk manhajar kuɗin da ba ta da wannan allon tabbatarwa ba a gama ta ba.

Ga aikin gida. Ka shiga Settings, About phone, ka danna Build number sau bakwai don buɗe Developer options. A ciki ka nemi Simulate color space, ka zaɓi Deuteranomaly, ka buɗe manhajarka ka yi amfani da ita na minti goma. Sannan ka koma Monochromacy, inda komai zai zama fari da baƙi. Duk wurin da ka tsaya kana tunanin wanne ne wanne, nan ne gyara yake. Masu aikin shafin intanet za su sami irin wannan a Chrome DevTools, ƙarƙashin Rendering.

Da na yi wa manhajar shagon nan wannan gwaji, wuri huɗu na samu da launi kaɗai ke magana, har da maɓallin goge ciniki da na adana shi. Gyaran bai ɗauke ni awa ɗaya ba. Kuɗin da suka salwanta kuwa raba su muka yi da mai shagon, yaron kuma yana nan a bakin aikinsa.