Yadda Ake Karrama Wanda Ya Yi Wa Unguwa Hidima

A kowace unguwa akwai mutanen da in suka ajiye aikinsu na mako guda kowa zai ji a jikinsa. Dattawan da ke haƙa kabari ba su karɓar ko sisi. Ungozomar da ake buga wa ƙofa da tsakar dare. Matasan da ke yashe magudanar ruwa kafin damina ta sauka, da 'yan sintirin da ke kwana a tsaye domin wasu su yi barci. Su ne kuma ba a cika kira gaban taro ba. Lambar yabo a yau ta koma hannun mai iya biyan kuɗin zauren taro, har wasu ƙungiyoyi kan aika wa mutum wasiƙar karramawa haɗe da lambar asusun banki. Ana iya gyara wannan daga unguwa, kuma ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ga yadda ake yi.

Da farko a kafa kwamiti ƙarami, mutum bakwai, domin in an yi ƙuri'a kada a yi kunnen doki. A sa mai unguwa ko wakilinsa, limami, malamin makaranta, wakilin matasa, da mace aƙalla biyu. In unguwar ta haɗa Musulmi da Kirista, a sa wakilin coci. Ƙa'ida biyu za a amince da su tun a zaman farko: ba a karrama ɗan kwamiti ko wani na cikin gidansa, kuma ba a karrama wanda ke kan kujerar siyasa ko yake neman ta. Kansilan da ya gina rijiyar burtsatse da kuɗin gwamnati aikinsa ya yi, a yi masa godiya a wuce. A kuma nisanta taron daga lokacin yaƙin neman zaɓe.

Na biyu, a rubuta ma'auni kafin a ambaci sunan kowa. Nan ne yawancin kwamitoci ke tuntuɓe, domin da zarar suna ya shigo zance, sai a fara ɗinka ma'aunin daidai jikin mai sunan. Tambayoyi uku sun isa. Shekara nawa ya yi yana wannan aiki? Su wa suka amfana, danginsa ne kawai ko duk wanda ya zo? Me aikin ya ci masa, na lokaci ko lafiya ko dukiya, in aka gwada da ƙarfinsa? Tambaya ta uku ita ce ke hana mai kuɗi shanye komai. Attajirin da ya ba da buhu ɗari na shinkafa da azumi ya yi alheri, amma bazawarar da ta riƙe marayu huɗu da kuɗin ƙosai ta ba da abin da ya fi nasa nauyi a kanta.

Ma'aikacin gwamnati ma yana shiga, in abin da ya yi ya wuce abin da albashinsa ya ɗora masa. A tuna da matan da suka riƙa bi gida gida suna ɗiga wa yara maganin rigakafin shan inna, ana zaginsu ana rufe musu ƙofa. A watan Fabrairun 2013 'yan bindiga suka kashe tara daga cikin masu wannan aiki a Kano, sauran kuma suka ci gaba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a watan Agustan 2020 cewa an kawar da ƙwayar cutar ta asali daga Afirka. Da yawa cikin waɗannan mata suna nan a unguwanninmu, ba wanda ya taɓa tara jama'a ya ce musu sannu.

Kada kuma ma'aunin shekaru ya rufe ƙofa ga aikin yini ɗaya. Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ta Jihar Filato, ya ɓoye mutum sama da ɗari biyu, yawancinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa lokacin harin watan Yunin 2018, ya tsaya gaban maharan ya ƙi miƙa su. Gwamnatin Amurka ta ba shi lambar yabo a 2019. Irin wannan aiki a ware masa gurbinsa.

Na uku, a tattara sunaye daga bakin jama'a. A yi sanarwa bayan sallar Juma'a da a coci, a majalisun matasa, a dandalin WhatsApp na unguwa, a ba da mako biyu ko uku. Kada a ce sai a rubuce, domin wanda ya fi sanin aikin mai wankan gawa wataƙila bai iya rubutu ba. Matan kwamiti su je Islamiyyar matan aure su tambaya da kansu. Hidimar da ake yi a cikin gidaje, ta jinya da sulhunta ma'aurata da karɓar haihuwa, ba ta isowa zauren mai unguwa sai an shiga an nemo ta.

Na huɗu, bincike. Mutum biyu su je su ji daga waɗanda suka amfana, ba daga wanda ya kawo sunan ba. A yi shi cikin sirri, kuma abin da aka ji na aibin wani ya tsaya a cikin kwamiti. A zaɓi mutum uku, in sun yi yawa biyar. Taron da aka raba lamba arba'in bai karrama kowa ba.

Na biyar, a je har gida a nemi yardar wanda aka zaɓa. Wannan mataki yana buƙatar hankali, domin mafi yawan masu irin wannan aiki domin Allah suke yi, kuma suna tsoron riya tsoro na gaske. Kada a aika yaro da takarda. Mai unguwa da limami su je da kansu, su zauna a zaure, su ce: "Baba, jama'a ce ta aiko mu. Mun san ba don mu kake yi ba, amma muna so yaranmu su ga wanda za su yi koyi da shi." In mace ce mai aure, a bi ta hannun mijinta, matan kwamiti kuma su shiga su yi mata magana. In ya ce ba ya son taro, kada a matsa. A kai masa kyautar gida, a yi addu'a, a tashi. Tilasta wa mai kunya tsayuwa gaban lasifika ba girmamawa ba ce.

Na shida, kuɗi da kyauta. Wanda za a karrama ba ya ba da ko kwabo, ko da sunan gudummawa. A tara daga gidajen unguwa da 'yan kasuwa, kowa daidai ƙarfinsa, ma'aji ya rubuta. Kaso mafi girma ya tafi ga kyautar, rumfa da lemo su samu ragowa. Allon gilashi mai rubutun Turanci ba ya yi wa dattijo komai, shi ya sa ya kamata a tambayi iyalinsa abin da ke damunsa. Wataƙila rufin ɗakinsa ke yoyo, ko kuɗin jarrabawar 'yarsa, ko magani. Ana iya biya masa inshorar lafiya ta shekara, ko a saya wa masu haƙa kabari sababbin diga da shebur da fitila. Takardar shaida kuwa a rubuta ta da Hausa, da boko ko ajami, wanda shi zai iya karantawa.

In ana son abin da zai daɗe, hanya biyu ce. Sanya wa titi suna aikin ƙaramar hukuma ne a tsarin mulkin 1999, don haka a rubuta wa shugabanta takarda da sa hannun mai unguwa da dagaci. Yadda babban asibitin Ƙofar Gayan a Zariya ke ɗauke da sunan Hajiya Gambo Sawaba, haka lungu ko ajin makaranta zai iya ɗaukar sunan ungozoma. Sarauta kuwa ta masarauta ce, ana bi ta hannun dagaci zuwa hakimi. Amma a yi tunani kafin a nema wa talaka rawani, domin rawani yana zuwa da hidimar baƙi da maroƙa da zai iya fin ƙarfinsa.

Na bakwai, ranar taro. Filin makarantar firamare ko ƙofar gidan mai unguwa ya wadatar, bayan la'asar, a gama kafin magariba. A sanar da ofishin 'yan sanda, a ware wa mata wurinsu. Wanda ake karramawa shi zai zauna a kujerar tsakiya, manyan baƙi a gefensa. A gaya wa mai gabatarwa tun da wuri cewa ba kirarin masu kuɗi, ba sanar da gudummawar kowa ta lasifika, domin da an fara haka taron ya sauya mai shi. Jawabi biyu ya isa. Sauran lokacin a bar wa waɗanda suka amfana, mutum biyu ko uku, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya gani da idonsa: daren da aka kai matarsa asibiti, ranar da aka raba rigimar gona. Kyautar kuma a bar wani cikinsu ya miƙa.

A cikin mako guda bayan taro ma'aji ya karanta lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe a gaban jama'a. Sakatare ya sayi littafi mai kauri ya rubuta sunan kowane wanda aka karrama, da shekarar, da bayanin aikinsa a shafi guda, a ajiye a wurin mai unguwa. Sunayen da aka kawo ba a zaɓa ba a adana su domin baɗi, sannan a sauya aƙalla mutum biyu cikin kwamitin kafin a sake zama.