Kafin ki sayi man da jarumar ke talla

A bukukuwan Sakkwato na yanzu, daga Mabera har Arkilla, akan ɗora hoton amarya a WhatsApp, gwaggon da ta goye ta tana jaririya ta ƙura wa wayar ido tana tambayar wace ce wannan. Sai a yi dariya a wuce, domin kowa ya san abin da ya faru: mai kwalliya ta yi aikinta, mai hoto ya haska fitilunsa, kwamfuta ta ƙarasa saura. Amarya dai mun san ta, gobe ma za mu gan ta da fuskarta ta gida. Amma da zarar hoton na wata jarumar Kannywood ce, ko wata tauraruwar TikTok da ba mu taɓa gani ido da ido ba, sai wannan sanin ya ɓace mana. Mu ɗauka haka Allah ya halicce ta, mu koma gaban madubi muna tuhumar kanmu.

'Yar'uwa, hoton nan da kike auna kanki da shi aiki ne na mutane da yawa. Akwai hodar da ta rufe kowane tabo, akwai zanen da ake yi a gefen hanci don ya fito siriri, akwai abin ɗaure ciki a ƙarƙashin riga, wani lokacin har da cikon nan da ake kira a-cuci-maza. Sai a ɗauki hotuna birjik a zaɓi guda, a bi shi da filta a goge ƙurji, a ƙara haske, a matse ƙugu. Ban ga laifin jarumar ba. Fuskarta ce jarinta, kuma ita ma tana shan baƙar magana a ƙasan hotonta duk ranar da ta fito ba shiri. Abin da nake so ki riƙe shi ne, ita kanta idan ta tashi da asuba ba ta kama da hoton. Kallon kitse ake yi wa rogo. A Faransa abin ya kai har gaban doka: tun daga watan Oktoba na 2017, duk hoton talla da aka rage ko aka ƙara jikin mai tallar da kwamfuta dole a rubuta a jikinsa cewa an taɓa shi. Mu a nan babu mai rubuta miki, ke za ki rubuta wa kanki a zuci.

Kada kuma ki ɗauka raunin hankali ne ya sa abin yake taɓa ki. A ƙasar Fiji, inda a da ake yabon mace mai cikar jiki, talabijin ya isa wani yanki a 1995. Wata likita daga Jami'ar Harvard, Anne Becker, ta binciki 'yan matan makaranta a lokacin, ta sake komawa a 1998. A zuwan farko babu yarinyar da ta ce tana janyo amai don ta rame. Bayan shekara uku ana kallon finafinan Amurka, sama da kashi 11 cikin ɗari sun ce suna yi. A 2021 kuma wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida da suka nuna binciken kamfanin da kansa ya gano kashi 32 cikin ɗari na 'yan mata sun ce idan suna jin haushin jikinsu, Instagram na ƙara musu.

Namu salon ya ɗan bambanta. Ba rama kawai ake nema ba. Ana son fari, da dogon hanci, da cikar ƙugu da ƙirji, tare da shafaffen ciki, duk a jiki ɗaya, ko da kuwa mace ta haifi biyar. Finafinan Indiya sun shekara da shekaru suna koya mana cewa wadda ake rera wa waƙa fara ce, finafinanmu suka ɗora daga nan. Sai dai a da kalanda ce a bango, ko kaset da ake kallo bayan isha'i a tashi. Yanzu abin yana tafin hannu, tun kafin a karya kumallo har barci ya kwashe mutum.

Don haka daga wayar za a fara, kuma ba na cewa ki jefar da ita. Ki lura da kanki na mako guda: wane shafi ne idan kin rufe shi kike jin ƙunci, ko ki ji kin raina kayan jikinki da ɗakinki? Ki daina bibiyarsa, ko da kina son mai shi. TikTok da Instagram suna ƙirga abin da kika tsaya a kai, ba abin da kika ce kina so kawai ba. Kin tsaya kan bidiyon man fari sau biyu, gobe za su cika miki waya da irinsa. Akwai wurin da ake danna cewa ba a sha'awar abu, ki yi amfani da shi, ki kuma nemi shafukan girki, ɗinki, karatu ko sana'ar da kike yi, su maye gurbin. Sannan duk lokacin da wata ta fito tana yabon fatarta, ki jira ƙarshen bidiyon. Sau da yawa akwai kwalba a hannunta da lambar waya a ƙasa. Biyanta aka yi, kuma babu tabbacin ta taɓa shafa abin.

Wata ƙaramar dabara ita ce ki rage filtar da ke kanki kike sa wa hotonki. Wadda ta saba ganin fuskarta a Snapchat kullum, ranar da ta ga ta gaske sai ta ji kamar an rage mata wani abu.

Inda abin ya fi tsada shi ne maganar man fari. Wani rahoto na Hukumar Lafiya ta Duniya a 2011 ya ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da kayan ƙara hasken fata. Adadin ya tsufa, amma wanda ya zaga layin masu kayan shafa a babbar kasuwar Sakkwato ba zai ce sana'ar ta mutu ba. A 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Kodebuwa ta hana irin waɗannan mayuka tun 2015, Ruwanda ma ta bi sahu daga baya.

Ki ɗauko kwalbar ki duba bayanta, abu uku ake nema. Na farko Hydroquinone, wanda ke hana fata yin sinadarin da ke ba ta launi. Idan aka daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, mai wuyar fita. Na biyu su Clobetasol da Betamethasone, waɗanda asalinsu maganin cutar fata ne da likita ke bayarwa na ɗan lokaci. Su ne ke sa fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito a hannu da cinya, ƙuraje da ƙyasfi su samu wurin zama, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Kuma ba a fata suke tsayawa ba, suna ratsawa cikin jini, suna iya janyo hawan jini da ciwon suga. Na uku zaiba, wadda akan rubuta Mercury ko Calomel, sau da yawa ma ba a rubuta ta ko kaɗan. Ita ƙoda da ƙwaƙwalwa take taɓawa, tana isa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono, har ma da wanda kuke goge jiki da tawul ɗaya.

Mafi haɗari shi ne haɗin da ake zubawa a roba babu suna babu komai, a ce miki na gargajiya ne, ko oganik. Ki riƙe wannan ƙa'ida: duk man da ya canza miki launi cikin mako ɗaya ko biyu, da wuya a ce babu ɗaya daga cikin ukun nan a ciki, ko me mai sayarwa ta rantse da shi. Karas da madara ba sa wannan aikin. Lambar NAFDAC a jikin kwali tana rage haɗari, amma ita ma ana buga ta bogi.

Ga kuma ranar Sakkwato. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, kuma duhun fatar nan da ake yaƙi da shi shi ne garkuwar da ke kare fata daga illar hasken rana. Wadda ta kankare shi sannan ta hau Keke Napep da azahar daga Gawon Nama zuwa kasuwa, ita ce za ki ga kumatunta sun ƙone sun yi ja, gaɓoɓin yatsu kuma sun yi baƙi ƙirin. Daga nan sai a ƙaro wani man don gyara ɓarnar na farko, kuɗi na tafiya, fata na ƙara lalacewa.

Idan kin riga kin fara, ba zagi ya kawo ni ba, hanyar fita nake so mu duba. Abin da ke mayar da mata ruwa shi ne makonnin farko bayan dainawa: fuska ta yi zafi, ta yi ja, ƙuraje su taso, launi ya dawo har ya fi na da duhu. Wannan alamar fata ce da ta saba da maganin, kuma yana wucewa, sai dai yakan ɗauki watanni. Wadda ta daɗe tana shafa mai ƙarfi a duk jiki, gara ta ga likita ya tsara mata yadda za ta rage a hankali. Akwai likitocin fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana kuma iya farawa daga Asibitin Ƙwararru ko asibitin unguwa a nemi a tura ki gaba. Ki tafi da kwalbar a jaka. A tsakanin nan ki koma sabulu mara ƙarfi, man kaɗe ko basilin, ki guji ranar tsaka, ki sa man kariya daga rana idan da hali. In kina da ciki, ko za a yi miki tiyata, ki faɗa wa likita abin da kike shafawa ko bai tambaya ba. Yara kuwa, don Allah a bar su. Fatar jariri ta fi ta babba saurin zuƙar abin da aka shafa mata.

Ƙwayoyin ƙiba ma haka. Abin da ake kira sha-ka-fashe galibi Dexamethasone ne, wani lokacin a haɗa da Cyproheptadine mai buɗe ciki da sa barci. Ƙibar da yake kawowa ba irin ta hoton ba ce: fuska ce ke kumbura, ciki da wuya su cika, ƙafafu su sirance, ƙashi ya yi rauni, suga da jini su hau. Ba kuma a yanke shi rana ɗaya bayan an daɗe ana sha, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, yankewar na iya kai mutum gadon asibiti. Shi ma likita ne zai sauke ki mataki-mataki. Shayin rage tumbi da ake talla yawanci gudawa yake sawa, ruwa kike zubarwa ba kitse ba.

Duk da haka, ni a ganina waya ba ita ta fara ba, ta tarar da ƙofa a buɗe ne. Yarinyar da tun tana ƙarama take jin ana cewa ƙanwarta ta fi ta haske, ko ana tsokanarta da baƙinta a tsakar gida, ko inna ta ce wa zai kwashe ki a haka, ita ce tallar mai ke samu a shirye. Iyaye mata da gwaggwanni, a daina wannan wasan, ba wasa ba ne a kunnen ɗiya. Ku zauna ku kalli wayar tare da ita, ku nuna mata inda aka yi gyara; wani lokacin har ƙofar da ke bayan mai hoton za a ga ta lanƙwashe saboda an matse ƙugu. Ku ba ta labarin matan da aka san su da abin da suka yi. A nan Sakkwato Nana Asma'u ta rayu, ta rasu a 1864, ta bar tsarin 'Yan Taru da malamai mata da ake kira jaji, masu kai karatu ƙauyuka, kuma har yau ana sa wa makarantu da 'ya'ya sunanta alhali babu wanda ke da hotonta. Maigida kuma da ke miƙa wa matarsa waya yana cewa dubi wance, ya sani shi ne zai biya kuɗin asibitin.

Lokacin biki a yi hattara ta musamman, don a nan ne 'yan mata da yawa ke fara shafawa. Dilka da lalle da turare ba su da laifi, amma a tambayi mai gyaran jiki me ta zuba a haɗinta, in ta ƙi faɗa a canza wata. A kuma gaya wa mai hoto tun farko cewa ba a son ya sauya wa amarya launi.

Akwai matakin da shawarar jarida ba ta isa. Idan yarinya ta daina zuwa taro saboda kamanninta, ko tana ƙin abinci, ko tana shiga banɗaki ta yi amai bayan ci, ko ta wuni gaban madubi tana kuka kan aibin da ba wanda ke gani sai ita, wannan rashin lafiya ne mai magani. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na masu tabin hankali kaɗai ba ne, ana ganin masu damuwa da ƙuncin rai, kuma bai da nisa da gari.

Ke kuma da ke karanta wannan, yau da dare ki juya kwalbar da ke kan madubinki ki karanta abin da aka rubuta. In babu rubutu ko kaɗan, kada ki sake shafa ta sai likita ko ƙwararren mai harhaɗa magunguna ya gani.