Gyaran Bangon Baya Na Tsohon Jirgin Faiba

Jiragen faiba masu inji sun yawaita a ruwayen ƙasar nan, tun daga Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan gama madatsar ruwa a 1968, har Lakwaja inda Neja da Binuwai suka haɗu. Mutane da yawa suna zaton faiba ba ta ruɓa, kuma gaskiyarsu. Amma bangon baya, watau inda ake rataya inji, ba faiba ce zalla ba. Katakon filawud ne a tsakiya, aka lulluɓe shi da faiba ciki da waje. Shi ne ke ɗauke da nauyin inji, shi ne kuma ke karɓar dukan ƙarfin turawarsa.

Ruwa yakan shiga ta ramukan kusoshin inji da ramin zubar da ruwa, ya kwanta cikin katakon shekara da shekaru. A ido bangon lafiya lau, cikinsa kuwa ya zama dusa. Ran da ya ɓalle, inji ya tafi, ruwa ya shigo, sau da yawa kuwa da fasinja cike a tsakiyar kogi.

Ga yadda za ka gane. Ɗaga ƙafar inji, ka danna ta da ƙarfi. In bangon ya motsa, akwai ɓarna. Ƙwanƙwasa shi da ƙaramar guduma: lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum. In kana shakka, huda ɗan rami daga ciki. Garin katako baƙi mai danshi ya isa shaida.

Waɗansu sukan ɗaura farantin ƙarfe a kai su ce sun gyara. Wannan rufa ido ne kawai, domin ruɓar tana nan tana ci.

Gyaran gaskiya shi ne a sauke inji, a yanke fatar faiba ta ciki, a bar ta waje yadda take don kada siffar jirgin ta ɓaci. A kankare tsohon katako sarai, a goge wurin da samfefa, a bar shi ya bushe ƙayau. Sai a fitar da siffar bangon a kwali, a yanka filawud irin na jirgin ruwa falle biyu, kowanne kaurin milimita 19, in dai haka kaurin na dā yake. Filawud ɗin kabad ba zai yi ba. A manna su da danƙon ifoksi, wanda ya fi foliyesta kama katako da tsohuwar faiba, a matse su har su ƙame. Sa'an nan a shimfiɗa ƙyallen faiba hawa-hawa, kowane hawa ya zarce na ƙarƙashinsa, ya kama gefuna da ƙasan jirgi.

A zafin ƙasarmu ifoksi yana saurin daskarewa, saboda haka a dama kaɗan-kaɗan, da sassafe, a inuwa. Lalle ne a rufe hanci da ido lokacin guga, gama ƙurar faiba tana cutar da huhu.

Saura ramukan kusoshi, inda ɓarnar ta faro. A huda kowanne ya fi kusa faɗi, a cika shi da ifoksi mai kauri, in ya ƙame a sake huda daidai kusar a tsakiyarsa. Ta haka ko ruwa ya bi kusa, ba zai taɓa katako ba.